Daga bale na bilot zuwa «Baƙin Bado»: yadda ake auna ƙarfin kati, da yadda ake hana shi

A Damargu, kamar sauran sassan ƙasar Nijar, karta wasan hutu ce: ma'aikaci ya tashi daga biro, ɗan kasuwa ya rufe kanti, a haɗu wajen shayi a buga bilot har dare ya raba. A Amurka da Turai da Japan kuwa akwai wata irin karta wadda kowane ɗan wasa ke sayen katunansa da kuɗin aljihunsa, ana gasar duniya a kanta, kati guda kuma yana iya kai kuɗin garken raƙuma. A can, sanarwa ɗaya ta hana kati tana iya karya darajarsa kafin gari ya waye. Tambayoyin da wannan al'amari ya tayar ba baƙi ba ne ga mutanen Tanut da Belbeji: ina ƙarfin kati yake, wa ke da hurumin auna shi, kuma wa ke biyan hasara ranar da doka ta sauya?

Bale mai maki 2, bale mai maki 20

Duk wanda ya taɓa zama kusa da tabarmar masu bilot a Tanut, ko a Belbeji, ko a Bakin Birji, ya san cewa ana wasan da kati 32, mutum huɗu, biyu-biyu, kowa da kati takwas a hannunsa. Wasan ya bunƙasa a Faransa wajen 1920, daga can ya iso Afirka ta Yamma ta hannun Faransawa, har ya zama na gida. Katunan iri huɗu ne, kuma a kowane rabo ana zaɓen iri ɗaya ya zama atu, wato irin da ke cin sauran duka. A irin da ba atu ba, as ne babba da maki 11, sai goma da maki 10, sarki 4, dam 3, bale 2, tara da takwas da bakwai kuwa ba su da ko ɗaya. To amma da zarar an ce wannan iri ne atu, sai komi ya juye: bale ya hau sama da maki 20, tara wadda ba ta da komi ta bi masa da maki 14, as kuwa ya koma na uku.

Takardar ba ta sauya ba, zanen da ke jikinta ma yana nan yadda yake. Abin da ya sauya shi ne maganar da aka yi kafin a jefa kati na farko. Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gwanin bilot ba ya cewa hannunsa ya yi kyau sai ya san atu, ya san inda yake zaune, ya kuma yi la'akari da abin da abokinsa ya zubar.

Duk makin da ke cikin rabo ɗaya 162 ne: 62 a atu, 30 a kowane ɗaya daga sauran iri uku, da 10 na wanda ya ci zagayen ƙarshe. Amma akwai ƙarin maki da ake ba wanda ya samu wasu katuna a haɗe, kuma mafi girmansu shi ne bale huɗu a hannu ɗaya, wanda ake ƙirgawa 200. Wato sa'ar rabo kaɗai tana iya ba mutum abin da ya zarce dukkan makin da ake wahala a kai. Saboda haka ne gasa da yawa a Faransa ake buga su ba tare da waɗannan ƙarin maki ba, in ban da 20 na sarki da dam na atu. Wannan hani ne, ko da yake ba a cire kati ko ɗaya daga cikin 32 ba: an ga wani abu ya fi ƙarfin wasan, sai aka rage masa iko domin iyawa ta samu wurin bayyana.

Dara ma, wadda ta riga karta zama a wannan ƙasa, tana da irin wannan doka. Gida 30 ne, kowa da ƴaƴa 12, kuma wanda ya jera uku a layi ɗaya shi ke cin ɗan abokin karawarsa. Amma lokacin da ake dasa ƴaƴan, an hana jera uku. Da babu wannan hani, da wasan ya ƙare tun ba a fara tafiya ba. Magabata da suka sa dokar sun fahimci cewa dabarar da ke kashe wasa tun daga farko ba ta da wuri a cikinsa.

Kartar da kowa ke zuwa da daminsa

A watan Agusta 1993 wani ƙaramin kamfani na jihar Washinton a Amurka, mai suna Wizards of the Coast, ya fitar da wasan Magic: The Gathering, wanda wani masanin lissafi, Richard Garfield, ya ƙirƙiro. Sabon abin da ya kawo shi ne babu kartar da ake rabawa tsakanin kowa. Ana sayar da katunan a ƙunshi rufaffe, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe. Wasu katuna suna da yawa, wasu kuwa kaɗan aka buga. Kowane ɗan wasa yana tara nasa, ya yi musaya, ya saya a hannun ƴan kasuwa, sa'an nan ya ɗaure daminsa na kati 60 ya zo fage da shi. Wasan ya samu karɓuwa ƙwarai. Pokémon ta biyo baya a Japan a 1996, sai Yu-Gi-Oh! ta kamfanin Konami a 1999, shekarar da babban kamfanin kayan wasa Hasbro ya saye Wizards of the Coast a kan kimanin dalar Amurka miliyan 325.

Manomin Damargu zai gane tsarin wasan ba tare da wahala ba. Kowane ɗan wasa yana farawa da rai 20 da kati bakwai a hannu, yana kuma jan kati ɗaya daga daminsa a kowane zagaye. Wasu katuna kamar gonaki suke: an yarda mutum ya buɗe gona ɗaya tak a kowane zagaye, kowace gona kuma tana ba shi tiya ɗaya ta ƙarfi, wadda da ita yake biyan kuɗin fitar da sauran katuna, mayaƙa ne ko makamai. Ƙaramin mayaƙi tiya ɗaya, babba tiya biyar ko shida. Saboda haka wasan yana girma sannu a hankali, kamar yadda hatsi ke bin damina.

Sai dai a cikin bugu na farko akwai wani kati mai suna Black Lotus, wato Baƙin Bado. Ba a biyan komi wajen fitar da shi, kuma yana ba da tiya uku nan take. Wanda ya samu shi a hannun farko tamkar wanda ya yi girbi ne alhali maƙwabcinsa yana jiran ruwan shuka. Garfield ya san ƙarfin katin, amma ya yi zaton mutane za su sayi ƙunshi kaɗan ne kawai, katin da aka buga kimanin dubu ɗaya a bugun farko kuma ba za a riƙa ganinsa kullum ba. Zaton bai tabbata ba, domin masu kuɗi sun saye katunan da yawa, suka cika dammunansu da mafi ƙarfi.

A nan bambancin bilot da wannan karta ya fito fili. Bisa lissafi, ɗan bilot yana samun bale huɗu sau ɗaya cikin rabo kimanin 500, kuma babu attajirin da kuɗinsa zai sayo masa bale. Yau yana hannun perfe, gobe yana hannun mai gadinsa. A wasan da kowa ke zuwa da daminsa kuwa, katin da ya fi ƙarfi yana zuwa fage kullum, a hannun duk wanda ya iya biya. Don haka tun watan Janairu 1994 hukumar gasa ta kamfanin ta fitar da jerin farko na katunan da aka taƙaita da waɗanda aka hana. Ƙa'idar gasa ita ce kada kati iri ɗaya ya wuce huɗu a dami. Mai huɗu a cikin 60 yana da damar kashi 40 cikin 100 ya ga ɗaya a hannunsa na farko. Idan aka taƙaita shi zuwa ɗaya, damar ta sauka ƙasa da kashi 12. A Yu-Gi-Oh! matakan uku ne: a rage kati daga uku zuwa biyu, ko zuwa ɗaya, ko a hana shi baki ɗaya.

Ba ƙarfi kaɗai ke jawo hani ba

Dalili na farko da ya sa aka hana wasu katuna shi ne caca. A dokar asali ta Magic, kowane ɗan wasa yana ajiye kati ɗaya daga daminsa kafin a fara, wanda ya ci kuma ya tafi da duka biyun. Da aka ga wannan ya yi kama da caca, kuma yana iya jawo wa masu shirya gasa rikici da dokokin ƙasashe, sai aka bar al'adar, aka kuma hana katuna tara da ke magana a kanta. Irin wannan zargi na cikin dalilan da malaman Saudiyya suka bayar a watan Maris 2001 lokacin da suka yi fatawar hana Pokémon a ƙasarsu.

Dalili na biyu shi ne tsarin gasa. Akwai wani kati mai suna Shahrazad, wanda aka raɗa wa sunan mai ba da labarin Dare Dubu da Ɗaya. Idan aka fitar da shi, sai a dakatar da wasa, a buɗe wani sabon wasa a cikinsa, kamar labari cikin labari. Katin ba shi da wani ƙarfi na azo a gani, amma yana cin lokaci har ya hana gasa ƙarewa, sai aka hana shi. Haka Chaos Orb, wanda ake jefawa daga sama ya faɗa kan katunan abokin karawa: an hana shi domin ya mai da wasan tunani wasan saitin hannu.

Dalili na uku shi ne mutuncin jama'a. A watan Yuni 2020 kamfanin ya hana tsofaffin katuna bakwai a dukkan gasarsa saboda zanensu ko sunansu na cin zarafin wasu al'ummomi ko addinai; cikinsu har da masu suna Jihad da Crusade. Amma mafi yawan hani, kuma wanda ya fi tayar da ƙura, shi ne na ƙarfi. A nan ake buƙatar ma'auni.

Ma'auni huɗu

Dillalin raƙuma a kasuwar Tanut ba ya yanke wa raƙumi kuɗi da ganin tozo kaɗai. Yana duba haƙora, yana duba tafiya, sa'an nan ya tambayi aikin da ake nufinsa da shi, domin raƙumin sukuwa dabam, na ɗaukar gishirin Bilma dabam, na jan ruwa a rijiya dabam. Masu auna ƙarfin kati ma haka suke yi.

Ma'auni na farko shi ne abin da aka biya da abin da aka samu. A bugun 1993 akwai katuna biyar ƴan uwan juna, kowane tiya ɗaya, kowane kuma yana ba da abu uku: ɗaya yana ƙara rai uku, ɗaya yana rage wa abokin karawa uku, ɗaya yana ƙara wa mayaƙi ƙarfi uku, ɗaya yana ba da tiya uku, na biyar kuwa, Ancestral Recall, yana ba mutum damar jan kati uku. A kan takarda kunnen doki suke. A fage kuwa, mai ƙara rai ya zama abin da ba a kulawa da shi, mai jan kati uku kuma ya shiga sahun katuna tara mafi ƙarfi a tarihin wasan, tare da Baƙin Bado. Kuɗi ɗaya, adadi ɗaya, amma ba daraja ɗaya ba.

Wannan ya kai ga ma'auni na biyu, wato ribar kati. Wanda ya kashe kati ɗaya ya samu biyu ya fi abokin karawarsa zaɓi, kamar ɗan kasuwar da jarinsa ke juyawa sau biyu kafin na maƙwabcinsa ya juya sau ɗaya. A Yu-Gi-Oh! akwai katin Pot of Greed, wato tukunyar haɗama, wanda duk aikinsa shi ne a ja kati biyu ba tare da biyan komi ba. Ba ya kisa, ba ya tsare gida, amma babu damin da zai ƙi shi, kuma an hana shi a gasa tun wajen 2005.

Ma'auni na uku shi ne abokan tafiya, kuma a nan masu ƙera katunan suka fi yin tuntuɓe. A 2004 aka fitar da katin Skullclamp, makami ne da ke ƙara wa mayaƙi ƙarfin duka da ɗaya, idan mayaƙin ya mutu kuma mai shi ya ja kati biyu. Daf da kai shi maɗaba'a, masu ƙira suka ƙara masa wani aibi, wato ya rage wa mayaƙin juriya da ɗaya. Ashe aibin nan shi ne ƙarfinsa: sai ƴan wasa suka riƙa ɗora shi a kan ƙananan mayaƙa masu juriya ɗaya, su mutu nan take, a ja kati biyu a kan tiya ɗaya, a kuma sake. An fitar da shi a watan Fabrairu, aka hana shi a watan Yuni. Kafin nan, a ƙarshen 1998 da farkon 1999, haɗin wasu katuna ya kai ana iya cin wasa a zagaye na farko ko na biyu, mutane suka fara ƙaurace wa gasa, har a watan Maris 1999 aka yi hanin gaggawa a kan katin Memory Jar. Bayan shekara 25, a 2024, aka sake irin wannan kuskure da katin Nadu, wanda aka sauya wa rubutu a ƙurarren lokaci ba tare da gwaji ba: ya fito a watan Yuni, aka hana shi a watan Agusta. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji Hausawa. Kati biyu marasa suna, idan suka dace da juna, suna iya kayar da wanda kowa ke tsoro.

Ma'auni na huɗu shi ne shaidar fage, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A wata babbar gasa da aka yi a Dalas ta Amurka a 2011, mutum takwas da suka kai zagayen ƙarshe kowannensu yana da katin Jace, the Mind Sculptor guda huɗu a daminsa, wato 32 cif. A watan Yuni na shekarar aka hana shi. A 2019 katin Oko ya bayyana a kusan kashi 70 cikin 100 na dammunan wata gasar ƙwararru a Richmond, aka hana shi ran 18 ga watan Nuwamba, bai cika wata biyu da fitowa ba. Idan kowa ya zo da dami iri ɗaya, wanda ya ƙi kuma ya sha kaye, to zaɓi ya ƙare, alhali zaɓin nan shi ne abin da aka sayar wa mutane tun farko.

Abin lura shi ne gasar Magic aji-aji ce. Akwai ajin sababbin katuna kawai, akwai na matsakaita, akwai kuma wanda ke karɓar katuna tun daga 1993. Jace ɗin da ya gagari ajin sababbi a 2011, da aka sake shi a ajin matsakaita a watan Fabrairu 2018, bai mamaye komi ba, domin ya tarar da waɗanda suka fi shi sauri. Baƙin Bado ma an yarda da guda ɗaya a ajin tsofaffi, an hana shi a sauran. Labarin bale ne dai: 20 a nan, 2 a can.

Ranar da alƙalami ya karya kasuwa

Da wasa ne kawai, da hani bai wuce gardamar fada ba. Amma katunan haja ne, suna da kantuna da dillalai da masu ɓoyo suna jiran tsada. A 1995 kamfanin ya sake buga tsofaffin katuna masu wuyar samu da yawan gaske, sai farashinsu ya faɗi, masu tarawa da masu kantuna suka fusata. Domin kwantar musu da hankali, a watan Maris 1996 kamfanin ya fitar da jerin katunan da ya yi alkawarin ba zai sake bugawa ba har abada, Baƙin Bado na cikinsu. A watan Janairu 2021 aka yi gwanjon guda ɗaya mai sa hannun wanda ya zana shi a kan dalar Amurka 511,100, wato sama da miliyan 250 na sefa. A 2024 kuma aka ba da labarin sayar da wani a kan dala miliyan 3.

Wannan gefen riba ke nan. Gefen hasara ya bayyana ran 23 ga watan Satumba 2024. Akwai wani aji da ake kira Commander, wanda ƴan wasa da kansu suka ƙirƙiro, ana yinsa da kati 100, galibi mutum huɗu, kuma a lokacin wani kwamiti mai zaman kansa na mutum biyar ne ke kula da dokokinsa. A wannan rana kwamitin ya hana katuna huɗu, yana mai cewa mafi yawansu suna ba wanda ya same su da wuri tazarar da sauran ba za su iya cimmawa ba. Cikinsu akwai Mana Crypt, wanda a lokacin ake sayarwa kusan dala 200, da Jeweled Lotus, mai kimanin dala 100 a lokacin, wanda an ƙera shi ne musamman domin wannan aji, ba shi da wani aikin kirki a waje. Kamfanin kuwa ya sake buga katunan biyu a 2023 a matsayin abin jan hankalin masu sayen ƙunshi. Farashi ya ruguje nan da nan. Wasu da suka yi hasara suka shiga zagin ƴan kwamitin, har da barazanar kisa, kuma ran 30 ga watan aka sanar cewa kwamitin ya miƙa ragamar ajin ga kamfanin.

Ƴan kasuwar Damargu, ƙasar da aka daɗe da sani da gero da dabbobi tun zamanin da ayarin Tarabulus ke ratsa ta zuwa Kano, sun san yadda takarda ɗaya daga hukuma ke sauya lissafi. A watan da ya biyo bayan wannan rikici, Oktoba 2024, hukumomin Nijar suka hana fitar da shinkafa da sauran hatsi zuwa ƙetare, in ban da Mali da Burkina Faso, domin kare cimakar cikin gida. Wanda ya tara buhuna da nufin kasuwar Najeriya dole ya sake dabara. Ba a haɗa abincin jama'a da wasa ba, amma kwatancin yana nuna wani bambanci mai amfani ga mai jari: geron da aka hana fitarwa ana iya sayar da shi a gida, ana iya daka shi a yi fura, raƙumin da bai samu mai saye ba yana nan yana aiki. Katin da aka hana kuwa, idan ba mai tarihi ba ne irin Baƙin Bado, ya koma takarda mai zane. Dukiyar da darajarta ke rataye a alƙalamin wani, mai alƙalamin ne ke riƙe da ita.

Alƙalin da ke da kanti a kasuwa

Tushen gardamar shi ne wanda ke yanke hukunci shi ne kuma mai sayarwa. Kamfani yana buƙatar sababbin katuna su fi tsofaffi jan hankali domin a saya, saboda haka kullum ana tura ƙarfi gaba. Idan an wuce gona da iri, kamfanin nan dai shi ne zai ce ko a hana, da kuma yaushe. In ya gaggauta, ya ɓata wa waɗanda suka saya jiya. In ya yi jinkiri, a zarge shi da jiran kaya su ƙare a kanti tukuna. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin ba da kwangila ya san dalilin da ya sa doka ke raba mai saye da mai tantancewa. Amma abin da ya faru a 2024 ya nuna cewa alƙali mai zaman kansa ma, idan ba shi da kariya, fushin masu hasara yana iya korarsa daga kujera.

Abin da aka koya cikin shekara 30 bai wuce abin da kyakkyawan mulki ke buƙata ba: a sa ranar sanarwa kowa ya sani, a bayyana dalili da alƙaluma, a kuma yarda a ɗage hani idan dalilinsa ya gushe. A 2023 kamfanin ya sanar cewa zai riƙa yin mafi yawan hani na ajin sababbi sau ɗaya a shekara, domin mai saye ya san iya lokacin da yake da shi. Ran 30 ga watan Yuni 2025 ya hana katuna bakwai a tashi ɗaya.

Waɗannan wasanni sun shiga wayar hannu: Magic Arena a 2021, Yu-Gi-Oh! Master Duel a 2022, Pokémon TCG Pocket a 2024. Shigarsu kyauta ce, ƙunshi rufaffe kuma ga mai son biya. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ɗauki sayen irin wannan akwati rufaffe a wasannin kwamfuta a matsayin caca. Ya kamata uban da ɗansa ya roƙi kuɗin waya domin «kati mai ƙarfi» ya san abu biyu: ba a san abin da ke cikin ƙunshin ba sai an biya, kuma ƙarfin katin yana nan ne muddin kamfani bai ce a'a ba.

Masu bilot na Damargu kuwa suna da abin da masu gasar miliyoyi suka rasa, domin kati 32 ɗin nan na kowa ne, kuma dokar teburinsu tana hannunsu. Abin da ya rage musu shi ne su riƙe al'adar da ke hana rigima: ko za a ƙirga bale huɗu ko ba za a ƙirga ba, ko maki nawa ne ƙarshen wasa, da hukuncin wanda ya yi wa abokinsa ishara, duk a yanke su kafin a raba kati, lokacin da babu wanda ya san abin da zai faɗo hannunsa.